Fuskar Direban Jirgin Ƙarfe Huɗu

Kwali na biyar ke nan Mai Agogo yake zazzagewa a tsakar falo, kuma har yanzu bai ga fuskar mutum ba. Hotuna sun bazu tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin kujera: kan jirgin ƙasa ja, kan jirgi shuɗi, taragun siminti, taragun mai, jirgi cikin ruwan sama, jirgi yana shan kwana. Ya maƙala madubin da yake leƙa cikin agogo da shi a idonsa na dama, yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyar da lissafi a firamare, ta tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu, ta rasa inda za ta sa ƙafa.

"Malam, in ƙaura za mu yi ka faɗa mini, in fara haɗa tukwane."

"Fuska nake nema."

"A cikin waɗannan? Da ka tambaye ni ai da na hutar da kai. Shekara goma sha takwas ina kaɗe musu ƙura, ban taɓa cin karo da ɗan Adam ba."

Ya fara zargin gaskiya ta faɗa.

Abin ya samo asali ne da safiyar ranar. Yana shagonsa yana fama da wani agogon bango da ya ƙi tafiya, sai wata matashiya sanye da fararen kayan ma'aikatan jinya ta yi sallama. Ya miƙa hannu, a zatonsa batir za a canza mata. Ta ce ba agogo ya kawo ta ba. Mahaifinta ne direban jirgin kayan da ke wucewa ta ƙarƙashin gada da ƙarfe huɗu, kuma yau ce tafiyarsa ta ƙarshe, daga ita sai ritaya. Su 'ya'yansa suna so su ba shi hotonsa yana bakin aiki, amma sun bincike gidan kaf ba su sami ko ɗaya ba.

"Sai na tuna yana yawan ba mu labarin wani dattijo mai kyamara da ke tsayawa a kan gada," in ji ta. "Ya ce duk ranar da ya zo wucewa sai ya yi maka oda sau biyu. Na yi tambaya aka nuno mini shagon nan."

Mai Agogo ya ajiye tsinken da ke hannunsa. "Ni yake yi wa odar?"

"Kai mana, Baba. Wa kake zato?"

Shi dai tun fil'azal ya ɗauka doka ce, dole direba ya yi oda sau biyu kafin ya shiga ƙarƙashin gada. Yana da littafin da yake rubuta kwanan wata da lokaci da lambar kan jirgi da yawan taragu, har da gurbin oda. Duk ranar da wani direban ya wuce shiru, sai ya rubuta a gefe cewa wannan bai san aikinsa ba. Mutum nawa ya zalunta a littafin nan, Allah kaɗai ya sani.

Daɗi ya kama shi, kuma daɗi yakan sa bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce mata hoto kam ba ya ƙarewa a gidansa, in ta tashi daga aiki da yamma ta biyo shago ta zaɓi wanda ya yi mata. Yana ganin ta sha kwana ya rufe shago ya nufi gida.

Ga shi yanzu ƙarfe biyu ta wuce, kwali biyar a ƙasa. Laifin kuwa na ƙa'idarsa ne. Kullum a jikin ginshiƙi na uku na gadar yake tsayawa, inda rana ke haska lambar kan jirgi, kuma ba ya danna kyamara sai kan jirgin ya shigo gaba ɗaya, daga fitila har ƙafafu. Hoton da lamba ba ta fito ba, a wurinsa ba hoto ba ne. Ta haka ya tara lambobi tsaf-tsaf, shi kuwa direba ya zama ɗigon baƙi a bayan gilashi, bai fi kan ƙusar agogo girma ba.

"Ka gaya mata gaskiya mana," in ji Malama. Ta sami wani ɗan fili kusa da taragun katako ta ajiye masa shayin.

"In ce mata me? Mutum ya yi shekara goma sha takwas yana gaishe ni, ni kuma ina ɗaukar lambarsa kamar ɗan sanda?"

"To, ai saura jirgi ɗaya."

Ya cire madubin daga ido ya dube ta. Lissafinta daidai ne, kamar kullum. Daga kan gada ba za a ga fuska ba, gilashin gaba yakan ɗauke ido. Amma akwai kwanar da ke gabanin gadar, inda jirgi ke rage gudu, kuma daga jikin shingen waya mutum zai iya hango tagar gefe. Bai taɓa tsayawa a can ba, domin daga can rabin lamba kawai ake gani.

Ya goge idon kyamara sau uku, ya duba batir, ya sa littafinsa a aljihu. Da ya zo fita sai ya tarar da Malama ta sa takalmi, ga laima a hannu.

"Ina zuwa?"

"Gangaren nan da gwiwar nan taka? In ka faɗi wa zai ɗaga ka, jirgin?"

A shekarun nan duk ba ta taɓa bin sa ba. Takan ce ita ba ta ga abin kallo a akwatunan ƙarfe masu bin juna ba. Ya so ya tuna mata, amma ya ga gara ya yi shiru kada ta fasa.

Suka bi ta bayan kasuwa, suka wuce masu walda da shagon faci, har suka iso gindin gada. Ƙafarsa da kanta ta nufi matakala, sai da Malama ta ja masa hannun riga. Suka gangara a hankali, shi yana dafa kafaɗarta, ita tana dogara laima. A jikin shingen ya sami wurin da waya ta ɓalle daidai tsayin ƙirjinsa, ya gwada kyamara ta nan, ya matsa taku biyu, ya dawo taku ɗaya. Saura minti ashirin.

Wannan jiran shi ne abin da ya fi so a duniya, ko da yake bai taɓa iya bayyana wa kowa ba. Yini yake yi a kan abubuwan da sai da madubi ake ganinsu, ƙusa kamar ƙwayar yashi, zare kamar gashi. In yamma ta yi kuwa sai ransa ya so ya ga abu mai nauyi, wanda ƙasa ke jin wucewarsa. Jirgin fasinja bai dame shi ba, hayaniya ce da hannuwa ta taga. Jirgin kaya ba ya neman a kalle shi, aikinsa kawai yake yi, kuma wannan ne ya sa yake ƙaunarsa.

Malama ta buɗe laima a kansu, ta ciro wayarta tana duba saƙonnin jikoki.

"Yanzu haka kake tsayawa kullum, ba kujera ba komai?"

"Saurara."

Layin dogo ya fara wani siririn kuka, irin wanda sai wanda ya saba ke ji. Ya duba agogon hannunsa: huɗu saura minti biyu. Fitila ta ɓullo daga nesa, sai ƙugin inji ya biyo baya, wayar shingen ta soma rawa a ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Jan kan jirgin ne, wanda ya san lambarsa kamar ta gidansa. Ya kafa ido a kyamara, ya ɗora yatsa, ya riƙe numfashi.

Jirgin ya rage gudu ya shigo kwana. Tagar gefe a buɗe take, kuma ga mutum ya leƙo har kafaɗa, siriri, mai furfura a gemu, da tabarau a goshi. Mai Agogo bai taɓa ganinsa ba sai yau. Sai dai fuskar ba nan take kallo ba. Direban ya ɗaga kai sama, yana duban gada, daidai ginshiƙi na uku, inda babu kowa.

Ta cikin kyamara Mai Agogo ya ga hannun mutumin a ɗage, a shirye, ya ga kuma yadda hannun ya fara sauka a hankali. Babu oda. In ya danna yanzu zai sami hoto mai kyau, haske daidai, gemu da tabarau duk sun fito, hoton mutumin da ya nemi abokinsa a ranar ƙarshe bai gan shi ba.

Ya saki kyamarar ta faɗo a ƙirjinsa. Ya cire hula ya ɗaga ta sama da shinge yana kaɗawa, yana kira da muryar da Malama ba ta san yana da ita ba.

"Direba! Ga ni nan! Nan ƙasa!"

Ko muryar ce ta kai, ko hular, direban ya juyo. Ya ƙura ido, sai fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya bushe da dariya yana nuna gada, yana nuna Mai Agogo, kamar mai cewa me ya kai ka can. Oda ta tashi sau biyu, ta ƙara ta uku doguwa, har masu walda suka ɗago kai. Kan jirgin ya shige ƙarƙashin gada, taragu suka biyo shi suna ƙwanƙwasa dogo, har na ƙarshe ya wuce.

Mai Agogo ya tsaya da hula a hannu, yana haki, yana murmushi. Sai da ƙarar ta yi nisa sannan ya dubi kyamarar da ke lilo a ƙirjinsa, murmushin ya ragu.

"Ban ɗauka ba," ya ce. "Ko taragun ma ban ƙirga ba."

"Talatin da takwas," in ji Malama.

"Kin ƙirga?"

"Ta tagar kicin ma nakan ƙirga da kunne. Ranar Talata ka rubuta arba'in, arba'in da ɗaya ne, na dai ƙyale ka." Ta miƙo masa wayarta. "Ga wannan kuma. Da na ga ka haukace sai na danna."

Ya karɓa ya kare hasken rana da tafin hannu. Hoton a karkace yake, kamar jirgin zai gangaro musu. Bakin laima ya cinye kusurwa ɗaya. A ɗaya gefen ga wani hannu riƙe da hula ya kutso. Amma a tsakiya ga direban nan, baki buɗe, idanu sun ƙanƙance don dariya.

"Lambar ba ta fito ba," ya ce, don bakinsa ya saba.

"Kawo in goge."

Ya sa wayar a aljihunsa na ƙirji ya ɓalla maɓalli.

Ƙarfe shida saura 'yar direban ta iso shago, da jakar aiki a kafaɗa da alamar gajiya a ido. Malama na zaune a kujerar masu jira tana naɗe laima. Mai Agogo ya riga ya yi shawara da mai wankin hoto na maƙwabtaka, wanda ya ce zai iya miƙar da hoton, ya yanke laimar da hannun, a bar fuska tsaf. Ya miƙa wa yarinyar wayar.

Ta daɗe tana kallo. Ta sa bayan hannu ta goge ido, tana dariya.

"Baba ne wannan? A gida sai mu yi wata ba mu ga haƙoransa haka ba. Lallai hannunka ya iya."

Malama ta ci gaba da naɗe laimarta, ba ta ɗago ba. Agogunan bango suka yi ta tafiyarsu. Mai Agogo ya yi gyaran murya.

"Ba ni na ɗauka ba, 'yata. Mamanki ce, ga ta nan. Ni aikina a hoton shi ne wannan." Ya nuna hannun da hular a gefe. "Kada ki damu, za a yanke shi, a gyara karkacewar, ya fito kamar na gaske."

Ta matso da wayar kusa da fuskarta ta sake dubawa, sannan ta dubi hular da ke kansa.

"A'a, Baba, kada a yanke. In aka cire hannun nan, wa yake yi wa dariyar?"

Mai Agogo ya buɗe baki zai yi bayanin ƙa'idar hoto, sai ya rufe. Ya karɓi wayar ya leƙa shagon maƙwabcinsa, ya ce a wanke shi yadda yake, da laimar da komai. Har ya juyo, sai ya koma ya ce a wanke guda biyu.