Tukunyar Mma a Jikin Bango

Tun tana makaranta Hamdia take jin kunyar kicin ɗin gidansu na unguwar Maamobi. Ɗan ɗaki ne a ƙarshen tsakar gida, hayaƙi ya mai da bangonsa baƙi ƙirin, in ka jingina sai ka tafi da shaida a riga. Ƙawayenta ba su taɓa wuce bakin ƙofa ba, kullum da dabarar da take tare su.

To, da Allah ya ba ta aiki a wani ofis a Osu, sai ta shiga kallon hotunan kicin na masu hali a waya. Abin haushi, wai baƙin da ta yi shekaru tana gudu shi ake yayi: katako mai ruwan ƙasa, fitila mai haske ja-ja, baƙin fenti nan da can, ga tsofaffin tukwane a rataye. Sai dai nasu baƙin na gwangwani ne, ba ya shafar riga.

Mahaifiyarta Amama ta tafi Bawku gaisuwar rasuwa, Hamdia kuwa ba ta yi wata-wata ba ta kira Habib kafinta. Aka kankare bango, aka kafa kanta mai tsayi, aka sa murhun gas. Habib ya riƙa babbaka sabon katako da wuta don ya yi kama da tsoho, matan gidan suna leƙe suna ƙunshe dariya. Gaskiya dai a faɗe ta, wurin ya yi kyau. In an kunna fitilar nan sai ka ji kamar ka ja kujera ka zauna.

Bango ɗaya ne ya rage fayau, a nan ne idon Hamdia ya faɗa kan kayan tuwon uwarta: babbar tukunya, muciya, da ƙarafunan nan biyu masu ƙugiya da ake saƙalawa a kunnuwan tukunya, mai tuƙi ta taka su da ƙafafu don kada tukunyar ta motsa. Ta sa aka shafe tukunyar da baƙin fenti ciki da waje, aka yi wa muciyar fenti mai sheƙi. Da aka zo kafawa Habib ya ce sai an huda gindin tukunyar, ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ya huda, ai za a sayi sabuwa.

Ba wai ba ta san tukunyar ba ce. Duk sunan da aka yi a gidan nan, har nata, a cikinta Amama ta tuƙa tuwon. Ko a unguwar Nima ake suna, akan aiko a ce Amama ta zo da tukunyarta. Hamdia ta sani sarai, kawai dai bangon ne ya fi tsaya mata a rai.

Amama ta dawo ana jibi sunan ɗan Saddique, yayan Hamdia, jikanta na fari ke nan. Ta tsaya a ƙofar kicin da jakarta a hannu, ta daɗe tana kallo. Ta matsa ta shafa kan ƙusar da ke tsakiyar tukunyar, ta ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Hamdia ta hau bayani da sauri, wai ta riga ta yi magana da masu dafa abincin biki, babu wahalar da Mma za ta sha. Amama ta ce to.

Ranar suna da safe aka nemi Amama aka rasa. Ashe ta aro tukunya da ƙarafuna da kurfoti, wato murhun gawayi, a maƙwabta, kuma da yake rumfa da kujeru sun cinye tsakar gida, sai ta kafa wutarta a lungu, dab da kwata. Jikanta ba zai samu suna ba tare da tuwonta ba, ko da mota goma ta shinkafa za a kawo. Ƙarafunan aron sun yi wa tukunyar gajarta, tana tuƙi tukunyar tana rawa.

Cikin baƙi akwai Ruhaina, yayar wanda zai auri Hamdia, ta zo daga Kumasi, ba ta taɓa shiga gidan ba. Don ita, in za a faɗi gaskiya, aka yi rabin aikin nan. Hamdia ta ja ta kicin ta kunna fitila. Ruhaina ta yi ta ɗaukar hoto, ta yaba katakon, ta yaba baƙin da aka sa daidai wa daida. Sai ta tsaya gaban tukunyar ta tambayi inda aka samo irin wannan tsohon kaya.

"A wani shago a Osu," in ji Hamdia. Haka maganar ta fito, sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Da ta juya, ga Amama a bakin ƙofa, ta zo ɗaukar kanwa. Zani ne ɗaure a ƙirjinta, gumi ya jiƙa mata wuya, toka har gwiwar hannu. Ruhaina ta gaishe ta da ladabi irin wanda ake yi wa mai aikin biki, ta ce Mma mai girki, har yanzu ana amfani da irin wannan kuwa?

Nan ne Hamdia za ta ce wannan ita ce mahaifiyata. Maimakon haka sai ta kau da kai.

Amama ta kalli tukunyar, ba ta kalli 'yarta ba. "Da can ana amfani da ita," ta ce. "Yarinyar ta iya zaɓe. Mai ita ta riƙe ta da kyau." Ta ɗauki kanwarta ta fita.

Kunya ta rufe Hamdia tun daga kai har ƙafa, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ruhaina tana ta magana a kan fitila, ita ko kalma ɗaya ba ta ji. Ta bar ta tsaye a wurin ta bi lungu, da leshinta da takalminta mai tsini.

Ta tarar tukunyar aron ta karkace, Amama tana kokawa da ita. Hamdia ta tsuguna a gefen kwatar, ta naɗe gefen mayafinta a hannu ta kama kunnuwan tukunyar. Zafin ya ratsa mayafin nan take, ba ta saki ba.

"Mma," ta ce.

Amama ba ta daina tuƙi ba. "Tashi ki koma ciki," ta ce a hankali. "Hayaƙi zai ɓata miki kaya, kuma kar surukarki ta fito ta gan ki tare da mai girki."