Munduwar Rakia

Tartsatsi na tashi daga maƙera lokacin da Isufu ya tsaya a bakin rumfar Dodo maƙeri, da farin wando da takalmi sau-ciki, yana kaɗe rigarsa kamar wuta ta san tsadarta. Rakia, 'yar Dodo, ta kawo wa mahaifinta fura. Tana ganinsa ta ja mayafi za ta fice.

"Tsaya," in ji Isufu. "Maganar ta shahe ki."

Tun ranar sunanta, Tanimu, mahaifin Isufu, ya kama hannunta ya ce wannan ta ɗansa ce. Dodo ya ƙera mata munduwar jan ƙarfe don shaida, wadda ba ta fita sai da awartaki. Hannu na girma, yana buɗe ta yana ƙara mata ƙarfe. Duk saurayin Tawa da ya ga munduwar sai ya kama gabansa. Shi kuwa Isufu ba a ɗaura masa ko zare ba. Ya tafi lakwal, wato makarantar boko, ya wuce Yamai, ƙasa ta sami 'yanci, ya dawo mushe mai koyar da yara. Sa'annin Rakia duk sun yi goyo sun sauke. Ita tana jira, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, don mace ba ta kama sunan mijinta.

"Baba Dodo, ba reni na ba," in ji Isufu. "Masana sun bincika. Zuciya tana bin wanda ak kusa da ita, wanda yay yi kama da ita ga ilimi da zama. Arme kuma musaya na, kowa shina duba abin da za shi samu."

Kusa dai! Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, ita ma akuya na tsallake ta. Amma kowa a gari ya san akwai wata mai jin Faransanci a unguwar ma'aikata, kuma a can binciken masana ya tsaya.

Dodo ya ajiye guduma. "Shekarunta hwa, Mushe? Wa ka biyan ta su?"

Isufu ya dubi takalminsa.

* * *

Rakia ta ji zafi har cikin ƙashi, don ta so shi, ba ƙarya. Amma da ta ga mahaifinta na shirin roƙo, mutumin da rabin gonakin ƙasar Adar ke ci da hauyarsa, sai wani abu ya miƙe a ƙirjinta. Ta durƙusa, ta ɗora hannunta a kan maƙera.

"Baba, buɗe ta."

"Ɗiyata, bari mu ga Tanimu tukuna."

"Tanimu na gida, kunya ta hana shi hitowa. Buɗe ta."

Dodo ya ɗauko awartaki. Ƙarfen ya yi gardama, sannan ya saki. Ta ɗauki munduwar ta miƙe, ta dubi saurayin ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Isufu," ta ce.

Ya zabura kamar an mare shi. Wasu manoma da ke jiran hauyoyinsu suka juyo suna kallo.

"Isufu, ga kayanku. Ka hwaɗa ma masananka, ni ma na duba abin da za ni samu. Ban ga komi ba."

* * *

Washegari ta tafi rijiya da tulu a ka, wuyanta a miƙe, ba ta ja mayafi ta rufe hannun ba. Mata suka yi ta satar kallo. Wata tsohuwa ta ce a hankali, wa zai ɗauki wadda ta kai haka a gida.

Rakia ta ji, ta ci gaba da jan guga. Duk sanda hannunta ya ɗago, rana na sauka a kan wani farin zobe na fata a wuyan hannun, inda ba ta taɓa sauka ba.