Fitilun Ɗakin Jarrabawa

Malama Rebecca na rufe taga ta ƙarshe saboda feshin ruwa, sai aka ɗauke wuta. Ɗakin taron makarantar ya yi duhu. Ƙarfe uku ne na rana, amma hadarin da ya taso daga wajen Kekun Waje ya rufe Bungudu ruf. Ɗalibai saba'in da ke rubuta jarrabawar fiziks ta fita sakandare suka ɗago kai gaba ɗaya.

Ɗanlami mai kula da janareta ya ruga cikin ruwa ya tayar da shi. Fankoki suka fara juyawa, amma manyan fitilu huɗu da aka kawo daga Gusau a farkon shekarar nan ta 1998 ba su kama ba.

Alhaji Manu, jami'in da aka turo sa ido, ya dubi agogonsa. "Malama, ba zan bar yara da takarda cikin duhu ba. Zan karɓe, in rubuta rahoto."

Malama Rebecca ta dubi ɗaliban. Shekara uku tana koyar da yaran nan, kuma ta san da yawansu iyaye ba za su sake biya musu jarrabawa baɗi ba.

Ɗanlami ya shigo jiƙe da tsani a kafaɗa. "Sun ƙone, Malama. Bari in kwance su."

"Kada ka taɓa, Malam Ɗanlami! Hannunka zai ƙone." Ta juya ga jami'in. "Alhaji, lafiyarsu lau. Ka ba ni minti goma sha biyar."

"Ga wuta, ga fitila, ba haske, ki ce lafiya lau?"

"Irin waɗannan ba su da zaren waya a ciki. Iska ce ta musamman a ƴar kwalba, da gishirin ƙarfe. Tartsatsin wuta ke ratsa iskar ya buɗe wa lantarki hanya. Yanzu kwalbar ta yi zafi, iskar ta cika ta matse, tartsatsin ba zai iya ratsa ta ba sai ta huce."

Ya dube ta, ya sake duban agogonsa. Sannan ya ɗaga murya: "Kowa ya kife takardarsa, hannu a kan tebur!"

Aka zauna. Ruwa na dukan kwano. Malama Rebecca ta jingina da bango tana addu'a a zuci. Minti goma suka wuce, sha biyu. Alhaji Manu ya fara buɗe ambulan ɗin tattara takardu.

"Malama, ga ta can!" in ji Aishatu, wata ɗaliba a layin gaba.

Fitilar da ke kusa da ƙofa ta yi ƙyas, wani siririn haske mai ruwan shuɗi ya bayyana a cikinta yana rawa. Ta biyu ta bi. A hankali hasken ya yi ta ƙaruwa har ya koma fari tas, layukan takarda suka fito.

"Ku ci gaba," in ji Alhaji Manu. "Na ƙara muku minti ashirin."

Malama Rebecca ta nemi benci ta zauna. Alhaji Manu ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Kin saba ganin suna yin haka ke nan?"

"A littafi na karanta, Alhaji," ta ce. "Yau na fara gani."