Raguna Biyu Masu Gudu Ɗaya

Ukasha mai gyaran kwamfuta ne ya cinye ragon Baba Dela. Shi ya sa aka kayar da shi, shi ya riƙe ƙafa, shi ya raba naman gida-gida har da aika wa surukansa cinya. Duk wanda ya ce kuskure ne, a duba haƙoransa, za a samu tsoka a maƙale.

Baba Dela tsohuwa ce a Roni, kiwon raguna ne sana'arta. Ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa jin ta yi asarar komai ba. Ɗanta Musaddiƙ yana da shago a Kazaure inda samari ke zuwa buga ƙwallo a kwamfuta. Ranar da ta kai masa ƙullin daddawa, ta tarar da shi ya zuba tagumi, samarin duk sun koma wani shagon. Ta leƙa gilashin, ta ga 'yan ƙwallon ciki suna gudu suna cijewa kamar masu taka ƙaya. Wani ya ɗaga ƙafa zai buga, ƙafar ta maƙale a sama, sai da Baba Dela ta gama gyara ɗankwalinta sannan ta sauko.

"Waɗannan yunwa suke ji," in ji ta.

Ukasha yana tsugune, ya buɗe cikin injin. "Ba yunwa ba ce, Baba. Ram ne. Guda ɗaya aka sa mata."

"Mene ne kuma ram?"

Ya kalli Musaddiƙ, ya ƙunshe dariya. "Da Turanci dai rago ke nan."

"Rago?"

"Rago, Baba. Shi ke miƙa wa ƙwaƙwalwar injin kayan aiki. In ɗaya ne, ta hanya ɗaya kaya ke bi, sai a yi cunkoso. In biyu ne, kowanne da hanyarsa, kaya su isa da wuri. Amma sai iri ɗaya, girma ɗaya, gudu ɗaya. In ɗaya ya fi sauri, dole ya dawo tafiyar mai nawar. Kuma ba a jera su kafaɗa da kafaɗa, sai an bar gurbi a tsakani."

Tun da take, ba ta taɓa jin ɗan boko ya yi magana mai kai irin wannan ba. Duk wanda ya taɓa jan raguna biyu da igiya ɗaya ya san malalacin ne ke yanke tafiya. Ta gane an taɓa ba injin rago ɗaya bai ishe shi ba. Yadda za a ba shi kuwa ba ta tambaya ba, kowa da sirrin sana'arsa. Ita dai ɗanta ba zai zauna a shago shi da ƙudaje ba alhali tana da garke.

Da ta koma Roni ta jera ragunanta a bayan gida, ta ajiye ƙwaryar dusa can gindin kuka, ta sake su. Maƙwabta suka hau katanga. Wata ta ce a nemo mai ruƙiyya, Baba Dela ta ce a fara da mai maganar. Aka yi tseren safe, aka yi na yamma, har yaran unguwa suka fara zaɓar gwani. Kullum biyu ne ke sa baki a ƙwaryar lokaci guda: Goshi da Kunne-Baƙi, tagwaye, waɗanda ta shayar da hannunta bayan uwarsu ta mutu.

Saura maganar hanya. Ukasha ya ce kowanne da hanyarsa, saboda haka ta ɗora Goshi a cinyar ɗan acaɓa ya bi titi, ita da Kunne-Baƙi suka hau amalanke ta cikin gonaki. Ta ce da ɗan acaɓan, "Ka ce da Ukasha in ji uwar Musaddiƙ. Ya san abin da zai yi da shi."

Ashe ran nan ake suna a gidan Ukasha. Ɗan acaɓa ya tarar da shagon gyara a kulle, aka nuna masa gida, ya sauke rago a gaban taro ya faɗi saƙo. Ukasha yana da wani ramammen ragonsa a ɗaure. Ya kalli nasa, ya kalli Goshi, ya ce Allah ya saka wa Baba da alheri, ya mayar da nasa bayan ɗaki.

Sai la'asar amalanke ya iso. Shagon Musaddiƙ maƙil da samari, 'yan ƙwallo na sheƙa gudu a gilashi, ba cijewa ko ta sisi.

"Inna, kin gani? Ukasha ya sa na biyun, ta warke!"

"Wane na biyun? Ga na biyun nan a hannuna."

Musaddiƙ ya kalli ragon, ya kalli uwarsa. Ba ta jira shi ba. Ƙaurin babbaka ne ya kai ta gidan sunan, ta ga fata a shanye kan katanga, ga kai a gefen murhu da farin goshinsa da ta sani tun yana jinjiri.

Washegari ta kai ƙara gaban mai unguwa Daudu, Kunne-Baƙi na biye da ita, tun jiya ko ruwa ya ƙi sha. Mai unguwa ya fito yana sakace, da ya ji ƙarar sai ya tura tsinken cikin hula.

"Ranka ya daɗe, na ga tsinken," in ji Baba Dela. "Za mu zo kanka."

Ukasha ya durƙusa, ya zaro wani ɗan koren falle kamar tsawon yatsa. "Ranka ya daɗe, wannan shi ne ram. Wasa na yi wa Baba. Suna ne kawai ya zo ɗaya."

Baba Dela ta karɓa, ta juya shi, ta sansana. "Ina ƙahon?"

"Ba shi da ƙaho, Baba."

"Me yake ci?"

"Wuta."

"Ai kuwa ta ci. Na ga kan a murhu." Ta jefa masa abinsa. "Ka ce rago, na maimaita, ka sake cewa rago. Ni sa'ar wasanka ce? Kakarka ce ni? Yanzu amsa mini. In ragona ne ya warkar da injin, me ya sa ba ka jira ɗan'uwansa ba, kai da ka ce sai biyu? In kuma wannan ɓawon rake ne ya warkar, me Goshi ya yi maka?"

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "To, Baba, tunda yana da rago a gida, ya kawo ya ba ki, a wuce wurin."

"A kawo. A kawo ƙwaryar dusa kuma."

Aka share ƙofar gidan mai unguwa, aka ajiye ƙwarya a bakin masallaci, jama'a suka dare biyu. Aka saki raguna. Kunne-Baƙi ya fita kamar an harba shi. Na Ukasha ya yi taku kaɗan, ya zauna, ya fara susar kunne da ƙafar baya.

"Iri ɗaya, girma ɗaya, gudu ɗaya," in ji Baba Dela. "Ba ni na faɗa ba. In na haɗa su, nawa zai dawo tafiyar wannan mai ƙaiƙayin. So kake ka kashe mini ɗaya ka gurgunta ɗaya?"

Can bakin masallaci Kunne-Baƙi ya isa ƙwarya, amma bai sa baki ba. Ya waiga dama, inda Goshi ke tsayawa, ya tsaya yana jira.

Baba Dela ta kwance ƙullin zanenta, ta fito da turaku biyu. Ta kafa ɗaya a ƙofar mai unguwa, ta tsallake taku guda kamar yadda aka koya mata, ta kafa ɗayan. Ta ɗaure Kunne-Baƙi a na farko, ta shimfiɗa mayafinta a tsakani ta zauna.

"Wannan turken na Goshi ne. Ko Ukasha ya kawo rago mai gudunsa, ko shi ya zo ya tsaya a nan, a ajiye dusa a gwada shi da Kunne-Baƙi. Duk wanda ya ci ko da hanji ne ya fito ya bi layi, ranka ya daɗe, kai ne a gaba. Ba inda za ni. Wa zai amsa mini maganar ragona?"