Wiwin da Ya Fi Shinge Tsawo

Eirlys Prydderch ko sigari ba ta taɓa sha ba, amma ita ta fara noman wiwi a ƙauyenmu da ke Wales. Ba mai bugarwa ba ne. Wannan ko buhu guda ka ƙona ka shaƙa, tari kawai za ka kwasa. 'Ya'yansa take so, ta tatsi mai ta kai kasuwar Asabar. Tumakin marigayi mijinta ta sayar ta sayi injin tatsa, kuma sai da aka gasa mata gyaɗa a hannu kafin lasisi ya fito. Sharaɗin da masu ba da lasisin suka fi jaddadawa shi ne kada mai wucewa a titi ya hangi shukar.

Sai ta kafa shingen katako. Mu da ba mu taɓa damuwa da gonar ba, muka koma leƙe ta tsagi.

Shi kuwa wiwi bai san da wani sharaɗi ba. Ya samu ruwan Wales ya yi ta miƙewa, har ya leƙo saman shinge yana kaɗa wa fasinjojin bas kai. Eirlys ta ƙara katako, shi ma ya ƙara tsawo.

Ana nan sai ga Idwal na ofishin tsara gine-gine, da tef ɗin awo.

"Anti, wannan ai ganuwa ce. Ta wuce ƙa'ida, sai an rage."

"Idwal, ni na share maka majina a coci, yau ni kake aunawa?"

"Katako nake aunawa, Anti."

Jami'ar lasisi kuma, wata Mis Penhale mai takalmin da bai san taɓo ba, ta ce in aka rage shinge, lasisi ya tafi.

Eirlys ta haɗa su a kicin ta zuba musu shayi, ta ce su sasanta. Suka cinye mata kek tas, kowa na cewa ofishin ɗan'uwansa ba huruminsa ba ne. Can fuskar Mis Penhale ta washe.

"To a rage tsawon shukar mana."

"'Yar nan, 'ya'yan ai a kai suke, kuma ba su nuna ba."

"Takardarmu ba ta ce komai kan 'ya'ya ba, Misis Prydderch."

Ni na riƙe mata tsani ranar da ta bi gonar da almakashi. Ta datse kawunan shukar kaf, ni kuwa takaici kamar ya kashe ni.

An sabunta mata lasisi, har da yabo kan bin doka. Tana tatsar mai yanzu, da 'ya'yan wiwin da take saye daga Faransa. Babbar mota ke kawo su ta wannan titin dai, da hoton ganyen ɓaro-ɓaro a jikinta.