Ramin Baba

Shekara arba'in Baba yana kwanciya ƙarƙashin motoci. Garejin ya sakar mini tuntuni, sifana ce dai ya ƙi saki.

Ranar nan ya shige ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura tun da hantsi, har rana ta take ƙafafunsa kawai nake gani.

Na ce, "Baba, salansa ɗaya ce fa."

"Ina dubawa."

Na leƙa. Salansa ta ɗauru tsaf, shi kuma yana kwance a kan kwali yana kallon ƙarfe, gumi sharkaf. Bayansa ne ya riƙe. Wai ya fi wata uku yana fama, yana ɓoyewa don kada in ce ya zauna gida.

Na ƙwala wa maƙwabta kira. Mai faci, abokin Baba tun suna samari, ya iso da saurinsa, ya sunkuya rabi, ya tsaya cak riƙe da ƙugu. Mai walda ya ce shi likita ya hana shi ɗaga ko bokiti. Shi kuwa direban motar, dattijo da furfura, ya yaye riga ya nuna mana ɗamarar da yake ɗaure bayansa da ita.

Baba ya ce daga ƙasa yana dariya, "Kai mai faci, ba kai ke cewa ƙarfe ne kai ba?"

"Ƙarfe ma yana tsatsa, tsohon banza. Ni dai a tsaye nake."

Ni kaɗai na ja kwalin, Baba ya fito kamar buhu. Na ce daga yau sai gida.

Dariyar ta ɗauke masa. Ya ce, "In zauna uwarka tana ƙirga mini nishi? Gara ka binne ni a nan."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na tambaye shi ko tsayuwa na damunsa. Ya ce tsayuwa lafiya lau, kwanciya da tashi ne bala'in.

Washegari na kai shi asibiti, aka ba shi magani da motsa jiki. Ni kuma na ɗauki diga da shebur. Kwana huɗu ina haƙa rami a tsakiyar gareji, zurfinsa daidai tsayin Baba, na yi masa matakala da ƙarfen dafawa, na shafe da siminti. Mota ta hau kai, Baba ya sauka a hankali, ya ɗaga sifana yana tsaye ƙyam. Har waƙa na ji yana yi.

Na sunkuya in miƙa masa noti, sai wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Na kasa miƙewa.

Mai faci ya tafa hannu. "Barka da zuwa, ɗana! Mun daɗe muna jiranka."

Baba ya leƙo daga rami. "Ga kwalina can, kwanta. Kada ka damu, ba zan ce ka zauna gida ba."