Sawun Bube a Kan Daɓe

Da hantsi saƙon ya iso Wurno, a bakin wani mai jakuna da ya kawo albasa daga Goronyo. Kawu Maigandi ne ya aiko wa Safara'u cewa gonar fadamar mahaifinta, wadda aka ba wani aro tun tana ƙarama, ta dawo hannu. In ita da mijinta sun iso kafin ruwan shuka, gona tasu ce. In kuwa ruwa ya sauka ba su zo ba, zai sake ba wani aro, don ba ya barin fadama ta kwana shekara ba iri a cikinta.

Safara'u ta saki taɓarya ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga, ta fara naɗe tabarmi tun ba ta gaya wa kowa ba. Tana jin ƙanshin laka a hancinta, tana ganin kanta a bakin gulbi tsakanin shinkafa, inda uwarta ta goye ta. Murna dai ta hana ta zama wuri ɗaya.

Mijinta Lauwali masaƙi ne, mutum mai sanyin hali, irin wanda in an taka masa ƙafa shi ke ba da haƙuri. Ya ji labarin, ya yi hamdala, sannan ya ce a hankali, “To, Baba Bube hwa?”

Nan guɗa ta maƙale. Gidan da suke ciki ba nasu ba ne. Na Malam Abdulƙadiri ne, wanda ya kama hanyar Makka da ƙafa shi da iyalinsa shekarun baya, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Da zai tafi ya damƙa gidan ga abokinsa na ƙuruciya, Bube, dillalin da ke ba baƙi hayar gidaje da rumfuna a kasuwar Wurno. Sharaɗin Bube kuwa ɗaya ne, kowa ya san shi: daga kaka zuwa kaka. Ba a fita a bakin damina, domin soron da ba kowa a ciki indararonsa toshewa yake, gara kuma ta cinye azara in ba hayaƙin girki. Hayar ma ba da kuɗi ake biya ba. Jakin Lauwali ne ke kwana a turken Bube yana yi masa dako, kuma in ba da jakin nan ba, ba yadda za a yi masaƙa da tukwane su kai Goronyo.

Lauwali ya je roƙo, ya dawo da gaisuwa mai yawa da hannu wofi. Safara'u ta dube shi ta san ko rabin maganar bai faɗa ba. Ba ta yi masa faɗa ba, ta jira ranar da Bube ya saba zuwa duba indararo.

Ya zo kuwa, tsoho dogo mai furfura, yana tafe yana ƙwanƙwasa katanga da sandarsa kamar mai sayen tulu. Ya zauna a zaure tare da Lauwali da maƙwabcinsu Mode baduku. Safara'u ta tsaya bayan ƙofa ta yi gyaran murya.

“Baba Bube, an kwana lahiya?”

“Lahiya lau, ɗiyata.”

“Mi kac ce ma maigidana?”

“Abin da nac ce mai shi za ni ce maki. Alkawali kaka zuwa kaka na. Ba ni sakin gidan ga bakin damina.”

“Gonar ubana ta, Baba. In ruwa yas sauka ba mu can, ta tahi.”

“Gidan abokina na. In ruwa yas sauka ba kowa ciki, shi ma ya tahi.”

Safara'u ta ƙara matsowa bakin ƙofa. “To mi za mu yi ka sake mu? Komi na, hwaɗi.”

Bube ya yi dariya, irin ta dillalin da ya san ciniki a hannunsa yake. Ya nuna babban ɗaki da sanda. “Ranar da kunka shigo, daɓen ɗakin can awa ka lasa. Matar Abdulƙadiri tay yi shi da hannunta. Tahi ki dube shi yanzu, duk ramu. Ki maido mani shi yadda kit tarad da shi, ki kawo wanda za ya hura wuta gidan ga har kaka, in kwance maku jakinku da hannuna.”

“Mode, ka shaida?” in ji Safara'u da sauri.

“Na shaida,” in ji Mode, yana ɓoye murmushi a cikin fatar da yake ɗinki.

Bube ya tashi hankalinsa kwance. A lissafinsa babu macen da za ta bar gyaran iri a wannan lokaci ta zo dukan ƙasar wani, ga shi gabas ta fara haɗa hadari da maraice. Tsohon ya san farashin kowace rumfa a Wurno, amma bai san sha'anin mata ba ko kaɗan. Ya manta lokacin ɗorawa ne, kowane gida akwai tulin ɓawonta, ke nan makuba, wadda ake ƙarfafa daɓe da ruwanta, ta samu. Ya kuma manta cewa matan unguwar nan sun gaji da shi da sandarsa. Washegari ya bi 'yan kasuwa zuwa Rabah, ya bar gari.

Safara'u ba ta tsaya ba. Ta aika wa Gwaggo Asta, tsohuwar da ba a daɓe a unguwar sai ita ce a gaba. Gwauruwa ce, tana zaune a wata bukka a bayan marina wadda in hadari ya taso sai ta kwashe kayanta ta kai maƙwabta. Da ta ji sunan Bube a cikin zancen sai ta ce ko ba fura za ta zo. Kafin la'asar gayya ta zaga unguwa. Aka jiƙa makuba a manyan tukwane har ruwan ya yi baƙi. Lauwali da Mode, tun da ba jaki, su suka zama jakuna, suna ɗauko marmara a kai daga bayan ganuwa, suna saukewa suna komawa. Mode yana ta mita cewa shi shaida aka ce ya yi, ba dako ba.

Ranar daɓe, gari na wayewa aka kori maza. Wannan doka ce tun kaka da kakanni: inda mata ke daɓe namiji ba ya shiga, wanda ya shiga kuwa ya zama nasu sai ya fanshi kansa. Aka fitar da kaya zaure, aka fasa tsohon daɓen, aka baza marmara, aka yayyafa ruwa. Mata suka durƙusa a jere, kowace da madaɓinta. Gwaggo Asta ta ɗaga murya, suka amsa, katako ya sauka a tare.

Kai, ranar nan unguwa ta ji a jikinta! Dim, dim, dim, har ƙasa na motsi a ƙarƙashin mai wucewa. Waƙoƙin da aka yi ba na maimaitawa ba ne a gaban surukai, kuma sunan Bube da sandarsa sun shiga cikinsu fiye da sau ɗaya. Safara'u tana tsakiya, zani a ɗaure tam, gumi na zuba, tana duka tana dariya. Hannunta ya yi kanta ya fashe, ba ta ji ba. In ta ɗaga kai ta hango sama ta ƙofa ta ga gajimare, sai ta ƙara ƙarfi. Aka zuba makuba, aka daka, aka sake zubawa, har daɓen ya yi ja-ja-baƙi yana sheƙi. Gwaggo Asta ta shafa shi da tafin hannu ta ce a fito da baya-baya, kar wanda ya taka sai ya sha iska. Da yake ƙarfi bai ƙare ba, suka ce bari su haɗa da ƙaramin ɗaki kyauta.

Ana cikin dukan ƙaramin ɗakin Bube ya dawo daga Rabah. Tun daga nesa ya ji dim-dim, ya matso ya ga kaya ɗaure a zaure, ya ga ƙura na sauka daga katanga duk lokacin da madaɓai suka faɗi. Ba abin da ya zo masa a rai sai tsohuwar katangar Abdulƙadiri ta tsage. Mode ya miƙe yana cewa, “Baba, kak ka shiga, mata na...” Ina! Tsoho ya wuce shi fuu, ko sallama babu, ya ratsa tsakar gida ya nufi babban ɗaki. Duk da gaggawar, a bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa, don bai taɓa shiga ɗakin abokinsa da takalmi ba. Ya jefa ƙafar dama, ta nutse. Ya tsaya cak, ɗayar a sama, ido waje.

Hassana matar Mode ce ta fara ganinsa. Ta saki guɗa. “Namiji! Namiji cikin daɓe!”

Kafin ya janye ƙafa sun kewaye shi. Wata ta zare sandar, wata ta fizge rawani ta ɗora a kanta tana kwaikwayon tafiyarsa. Aka shafa masa ruwan makuba a goshi da gemu, furfura ta koma ja. Suka yi masa zobe suna tafi suna juyi, shi kuwa yana ta “Subhanallahi, ku ɗiyana na, ku ji tsoron Allah!” Babu mai jin sa. Safara'u ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta leƙa ɗaki ta ga sawun, yatsu biyar cif, a kan aikin da ya fasa mata hannu.

Gwaggo Asta ta ɗaga madaɓi aka yi shiru. “Bube, kai ka san doka. Uwarka ta yi daɓe, matarka ta yi. Mai gayya ita ka yanka hwansa. Safara'u, mi kike so?”

“Jakina,” in ji Safara'u. “Daɓe na maido shi, kowa ya gani. Wanda yaɓ ɓata shi ga shi nan tsaye.”

Bube ya share gemu. Ko a hannun mata bai daina dillanci ba. “Daɓe na yarda. Mai hura wuta hwa? Magana biyu nay yi.”

Murnar daɓe ta sa Safara'u ta manta da rabin sharaɗin sarai. Ta ji gonar tana zamewa daga hannunta.

“Ga ni,” in ji Gwaggo Asta. “Bukkata awa rariya take. Ni ka girki sahe da marece, kuma ba ni da gona Goronyo da za a kira ni. In kana tsoron azara, hayaƙina sai ya ishe ka.”

Mata suka sake ɓarkewa da guɗa. Bube ya dubi tsohuwar, ya dubi soron, ya nemi ta inda zai ƙi ya rasa. Ya ce a ba shi rawaninsa. Ya fita da jan gemu ta tsakiyar unguwa, yara da manya na kallo, ya dawo yana jan jakin da hannunsa kamar yadda ya faɗa. Wannan karon a zaure ya tsaya ya yi sallama sau biyu, sai da aka ce ya shigo.

Safara'u ta riga ta durƙusa a bakin babban ɗaki da madaɓi da ƙwaryar makuba, za ta share sawun tun bai bushe ba.

“Ɗiyata, bar shi,” in ji Bube.

Ta juyo. “Baba, duka kaɗan na, ya ɓace.”

“Na sani. Bar shi.” Ya tsuguna kusa da ita da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Muryar dillali ta tafi, ta tsoho ce ta rage. “Tare munka yi kiwon awaki da mai ɗakin ga. Ranar da zai tahi nac ce mai ya iske gidanai tsaye. Ni kau na tsuhwa, hanyar Makka da nisa. In yak komo ban nan, ya ga ƙahwata bakin ƙohwa, ya san ina shigowa ina duba mai.”

Safara'u ta aje madaɓin. Duk haushin da ta tara wa tsohon nan ta neme shi ta rasa, sai tausayi da kunya suka kama ta. Ta tsoma yatsa a makuba ta bi gefen sawun a hankali don kar ya farfashe in ya bushe.

Da sassafe suka ɗora masaƙa da tukwane a kan jaki. Hayaƙin Gwaggo Asta ya riga ya fara fita ta saman katanga. Suka bi gefen gulbi, Lauwali na kora, Safara'u a gaba ba ta ko son a tsaya shan ruwa. Sun wuce ƙauyen Rimawa ke nan iska ta juya, ta kawo ƙanshin ƙasa. Ɗigon farko ya faɗo mata a tafin hannu, daidai inda madaɓi ya fasa.

“Lauwali, kora shi!” ta ce, ta tattare zani ta sheƙa da gudu. Can gaba, a bakin fadama, Kawu Maigandi na tsaye da ƙwaryar iri a hannu yana duban hanya.